Kurakuran da Aka Fi Yi Idan Ido Ya Ji Rauni

Babban kuskuren da ake yi idan sinadari ya fantsama a ido shi ne a ɗauki mutum a nufi asibiti tun ba a wanke idon ba. Ruwan batir, garin siminti, farar ƙasa da sodar da ake haɗa sabulu da ita suna ci gaba da cin ido muddin suna ciki, don haka duk mintin da aka ɓata wajen neman abin hawa, ganin mutum ne ake ragewa. Siminti da soda sun fi ruwan batir haɗari, domin suna ratsa baƙin ido su shige ciki, ko da zafinsu bai tsananta da farko ba.

Abin da ya dace shi ne a fara zuba ruwa mai tsabta nan take, na famfo, na buta ko na leda, har tsawon minti 20 aƙalla. A karkata kan mutum ta yadda ruwan zai gangara gefe ba tare da ya shiga lafiyayyen idon ba, a buɗe fatar idon da yatsu ko da yana matsewa saboda raɗaɗi, sannan ya riƙa juya idon sama da ƙasa, domin garin siminti yakan maƙale a ƙarƙashin fatar sama. Leda biyu ba wanki ba ne. Bayan haka sai a tafi asibiti, tare da kwalin abin da ya zuba. Tofin kumurci ma haka ake yi masa.

Kuskure na biyu shi ne ɗiga nonon mai shayarwa, ruwan sukari, ruwan albasa ko fitsari, ko a rambaɗa kwalli. Waɗannan ba sa kashe dafin sinadari, kuma suna iya shigar da ƙwayoyin cuta cikin idon da ya riga ya kwaile. Maganin ɗigawa da aka saya a kemis ba da umarnin likita ba shi ma abin gudu ne, domin wasu irinsa suna kwantar da ja amma su sa gyambon ya zurfafa.

Idan kuwa ƙaya, tsinke ko ɓarɓashin ƙarfe ne ya soki ido, hukuncin ya juya gaba ɗaya, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi yin ɓarna. Ba a wankewa, ba a murzawa, ba a ƙoƙarin zare abin, kuma ba a ɗaurewa da ƙyalle, saboda matsi kaɗan yana iya fitar da abin da ke cikin ƙwayar idon. A yanke gindin kofin roba a kifa shi a kan ƙashin da ya kewaye idon, a manne da filasta. Kada a ba mutumin abinci ko abin sha, domin wataƙila a yi masa tiyata, kuma a guji asfirin saboda yana ƙara zubar jini.

Wanda aka nausa ko dutse ya buga a ido bai kamata ya zauna a gida don kumburi ya saɓe ba. Idan gani ya dushe, ko jini ya taru a gaban baƙin idon, ya zauna da kansa a ɗage, a kai shi wurin likitan ido a ranar, musamman idan mai sikila ne.