Yadda za ka raba ramin takinka da saiwar bedi

A Maradi da wuya ka shiga gida ba ka ga bedi a tsakar gida ba, kuma saiwarsa danshi take bi. Da ta ji ramin taki sai ta kutsa ta ƙasa.

Da farko kwashe takin duka da shebur, ka zube shi gefe bisa buhu. Za ka tarar da ƙananan saiwoyi sun saƙe gindin ramin kamar tabarma. Datse su da adda, ka tsince su. Amma babbar saiwa mai kaurin damtse, bar ta, kada iskar damina ta kayar maka da iccen bisa katanga.

Daga nan shimfiɗa tsohon kwanon rufi a ƙasan ramin, ko ka jera bulo. Leda ba ta daɗewa, ni na gwada, ta yayyage. Huda kwanon da ƙusa wuri kaɗan don ruwa ya tsiyaye.

Mayar da takin, ka yayyafa ruwa, ka riƙa juya shi duk mako biyu. In saiwar ta dawo baɗi, matsar da ramin nesa da inuwar iccen.