Yadda Ake Koyar da Halin Ibada ga Manya da Ƙanana a Ikilisiya

Manzo Bulus ya bar Titus a tsibirin Karita domin ya ƙarasa gyaran abin da ya saura, ya kuma naɗa dattawa a kowane gari. A sura ta 2 ta wasiƙar da ya aika masa, ya zayyana halin da ya kamaci mutane kashi biyar: tsofaffin maza, tsofaffin mata, mata masu ƙuruciya, samari, da bayi. Fasto ko dattijon da ke kula da ikilisiya a Garwa, ko Marwa, ko Ngaundere a arewacin Kamaru, zai iya mayar da wannan sura tsarin koyarwa na wata uku, muddin ya gane tun farko cewa Bulus bai ɗora aikin duka a wuyan mai wa'azi ba.

Ka fara da karanta surar gaba ɗaya a sujadar Lahadi, da Hausa da Fulatanci da Faransanci idan jama'arka gauraye take, domin kowa ya ji kason da aka yanka masa a gaban kowa. Wa'azinka na farko kuwa ya tsaya a kan aya ta 11 da ta 12, inda aka nuna cewa alherin Allah mai kawo ceto shi ne yake horar da mu mu rabu da rashin tsoron Allah. Idan ka tsallake wannan, sauran koyarwar za ta koma jerin dokoki, mutane kuma za su riƙa satar kallon juna suna cewa da wane ake.

Bayan haka sai ka nemi zama da dattawa su kaɗai, ko a zauren ɗayansu ko a inuwar darbejiya bayan an tashi sujada. Yawancin fastocin da ake turowa daga makarantar Littafi Mai Tsarki sa'o'in 'ya'yan waɗannan mutane ne, saboda haka ka riƙe gargaɗin 1 Timoti 5:1, wato kada ka tsawata wa dattijo, sai dai ka roƙe shi kamar mahaifinka. Ka ce masa Baba, ka karanta aya ta 2 ta surar Titus ɗin, sa'an nan ka tambaye shi yadda ya jure shekarar da damina ta gaza, ko yadda ya sasanta da ɗan'uwansa a kan iyakar gona. Daga bakinsu za ka ji natsuwa da haƙurin da ayar take nufi, kuma a nan za ka gane wanda ya isa a ba shi samari ya riƙe.

Sashen tsofaffin mata ne ya fi bukatar lokacinka. Abu biyu aka gargaɗe su a kai, ɓata sunan mutane da zama bayin giya, kuma duka biyun suna nan tare da mu. A garuruwanmu mata ne ke dafa burkutun dawa da ake kira bilbil, da yawa daga cikinsu kuma gwauraye ne waɗanda da kuɗin tukunyar suke biyan makarantar yara. A ganina, wanda ya hau bagade ya la'anci sana'ar ba tare da ya tambayi matar abin da za ta ci gobe ba, rabin aiki ya yi. Ka zauna da shugabannin zumuntar mata, a duba ko adashe zai iya ba ta jarin ƙosai ko na man gyaɗa da ƙuliƙuli, kafin a nemi ta kifar da tukunya.

Daga nan sai ka lura da wani abu a aya ta 4: ba Titus aka ce ya koyar da mata masu ƙuruciya ba, tsofaffin mata aka ba wa wannan aiki. Don haka ka roƙi zumuntar mata ta haɗa kowace amarya da uwa guda mai riƙe sirri, wadda za ta riƙa leƙa ta a gida. Irin wannan koyarwa ba ta son allo da alli. Tana shiga ne sa'ad da ake ɓarar gyaɗa a kan tabarma, uwar ta ce, “'Yata, yaya ke da maigidanki?”, yarinyar kuma ta sunkuyar da kai ta fara magana. Kai fasto kada ka keɓe da matar aure don ba ta shawara, sai matarka ko wata dattijuwa tana wurin. Ka kuma faɗa wa iyayen mata a fili cewa biyayyar da ke aya ta 5 ba mayafin rufe duka ba ce, domin Afisawa 5:25 ta umarci miji ya ƙaunaci matarsa yadda Almasihu ya ƙaunaci ikilisiya. Uwar da ta ga kumburin fuska sai ta kai maganar gaban dattawa a ranar.

Samari kuwa abu guda aka nema daga gare su, kamun kai, sa'an nan nan take aka ce Titus ya zama musu abin koyi. Ka ba ɗan acaɓa ko manomin auduga aiki a majami'a, ka haɗa shi da dattijon da zai tambaye shi inda kuɗin makon ya shiga, musamman yanzu da cacar ƙwallo take cikin wayar kowa.

Zancen bayi yana bukatar hattara, domin ma'aikacin yau ba bawa ba ne, yana da albashi da 'yancin barin aiki. Abin da ya shafe shi shi ne amana: yaron shago kada ya taɓa cinikin maigidansa, mai aikin gida kada ta rage kuɗin cefane, gama aya ta 10 ta ce da irin wannan aminci ake ƙawata koyarwar Allah Mai Cetonmu, sau da yawa ma a idon maigidan da ba Kirista ba. A makon wannan koyarwa ka karanta wa masu ɗaukar ma'aikata Kolosiyawa 4:1, ka tambaye su ko sun biya albashin watan jiya.

Idan wata ukun sun cika, ka tara dattawa da shugabannin mata, ku bi sunayen amare da samari ɗaya bayan ɗaya, ku ga wanda aka ziyarta da wanda aka manta, inda kuma jini bai haɗu ba a sauya uwa ko uba cikin sirri.