Kurakuran da mutanenmu ke yi in za su shiga jirgin cin abincin dare a kogin Nilu

Mu mutanen Damagaram sai an yi mana uzuri in mun ga ruwa jikinmu ya ɗauki rawa. Garin da muka tashi muna bin 'yan garuwa da bido, mata na kwana bakin pampo suna jiran ruwa ya zo cikin dare, wanda ya fi kowa ganin ruwa a cikinmu shi ne wanda ya je tabkin Gidimuni ko ya yi tafiyar kilomita kusan 900 har Yamai ya tsaya bisa gadar Kennedy. To ka ɗauki irin wannan mutum ka aje shi bakin Nilu a Alƙahira, ka ce mishi ga jirgi nan za a shiga a ci abinci ana kallon faɗuwar rana, ai ba zai tsaya tambaya ba, aljihu kawai zai laluba. Haka ta faru da ni lokacin da na raka Inna aikin ido cikin watan Janairu, kuma tun da na dawo duk wanda zai tafi Masar, ko jinya ko ziyarar ɗa a Azhar ko sarin kaya, sai ya tare ni a fada yana tambaya, shi ya sa na ce bari in faɗa gaba ɗaya kowa ya ji.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne na lokaci. Mu nan Zinder rana ba ta cika canza mana ba, da sanyi magariba wajen ƙarfe 6, da damina kusan ƙarfe 7, shi ke nan. Alƙahira ba haka take ba don ta fi mu nisa can arewa. A Disamba da Janairu wajen ƙarfe 5 rana ta faɗi, amma a Yuni sai kusan ƙarfe 8, saboda tun 2023 sun koma ƙara awa ɗaya a agogo lokacin zafi. Su kuma jiragen da yawansu ƙarfe 7 ko 8 na dare suke tashi, ko wane wata ne, kuma hoton da ke jikin takardar talla kullum jar rana ce bisa ruwa. Na biya kuɗin mutum uku, ni da Inna da ɗan yayata da ke karatu can, muka shiga jirgin ƙarfe 8 cikin Janairu, rana ta yi awa uku da faɗuwa, ruwan baƙi ƙirin sai hasken fitilun otel-otel. Inna ta leƙa taga ta ce to ina kogin? Wallahi har yau in na tuna tambayar nan sai raina ya sosu, matar da aka buɗe ma ido kwana goma da suka wuce, abin da na so ta fara gani da shi ke nan. Gyaran abu ne mai sauƙi, ka duba lokacin sallar magariba na ranar a wayarka, ka nemi jirgin da zai bar bakin ruwa kamar awa ɗaya kafin nan. In sun ce babu sai na dare, to ka san fitilu za ka kalla, ka shiga da saninka ko ka nemi wani. Kuma ka gyara agogo tun daga filin jirgi, sun fi mu da awa ɗaya, lokacin zafi awa biyu, na ga wanda agogon hannunshi ke kan lokacin Nijar har kwana uku.

Sai maganar abin da za a gani. Mutane na jin an ce tsohon birni sai su ɗauka daga cikin jirgi za su hango dalar Fir'auna da masallacin Azhar da ganuwar Salahuddin duk a jere. Babu ko ɗaya bakin ruwa. Dalar tana can Giza bakin hamada, tafiyar mota ce daga kogin, Azhar da kasuwar Khan Khalili suna cikin tsohon garin da Fatimawa suka kafa a 969, ganuwar Salahuddin kuma tana bisa tudu wajen dutsen Muƙaɗɗam. Waɗannan da ƙafa ake zuwa musu da rana, kamar dai baƙo ya zo Zinder ya zauna a tasha ya ce bai ga fadar Sarki da duwatsun Birni ba. Abin da kogin zai nuna maka daban ne kuma shi ma ba ƙarami ba ne in ka san abin da kake kallo. Akwai hasumiyar Alƙahira mai tsawon mita 187 da aka gama a 1961 a tsibirin Jazira, akwai gadar Ƙasrun Nil mai zakuna huɗu na tagulla, biyu a kowane baki, inda samari da iyalai ke cika da yamma suna shan iska. Amma wanda ya fi taɓa ni wani ɗan gini ne mai tsinin kai a ƙarshen tsibirin Rauda ta kudu, in ba a nuna maka ba za ka wuce shi. Ma'aunin ruwan Nilu ne, an gina shi a 861 zamanin Abbasiyawa, rijiya ce da ginshiƙi a tsakiya mai zane-zanen kamu, in ruwa ya kai kamu 16 an san shekarar za a ci a ƙoshi, in ya gaza kowa ya shiga tsoron yunwa, kuma da shi ake yanke harajin manoma. Mu da ke ɗaga kai sama muna jiran hadari tun daga watan Yuni, muna tambayar mutanen Tanut da Mirya ko an yi shuka, mun fi kowa gane wannan zulumin. Tun da aka gama madatsar Aswan a 1970 ambaliyar ta daina zuwa, ginin ya zama na kallo. To ka tambayi mai jirgi ta ina za a bi, daga ina zuwa ina, don wasu ɗan zagaye kaɗan suke yi tsakanin gada biyu su dawo. Har ma akwai manyan jirage musamman wajen Zamalek da ba su motsawa ko taku ɗaya, gidajen abinci ne a ɗaure bakin ruwa shekara da shekaru, mutum ya zauna yana jiran a tashi har a kawo mishi faktir. Ka tambaya da baki, shin yana tafiya ko a tsaye yake.

Yanzu ga wadda mutanenmu ke jin nauyin tambaya, ita kuma ta fi kowace muhimmanci in da iyali kake. Yawancin jiragen dare akwai wasa a ciki, mawaƙi da makaɗa, da mai rawar tannura, namiji ne sanye da wani faffaɗan buje mai launi-launi yana juyawa ba tsayawa har ka ji kai ne jiri ke ɗiba, asalinta daga wajen sufaye ne, wannan kam yara na so. Amma akwai kuma rawar mace wadda suke ce ma raƙs sharƙi, shigarta ba irin wadda za ka zauna kusa da mahaifiyarka ko surukinka kana kallo ba ce, kuma a jirage da yawa ana saida giya a teburin da ke gefenka. Ni ba wanda ya gaya mini. Kiɗa ya canza kawai sai na ga ɗan yayata ya sunkuyar da kai ya ce Kawu mu fita da Inna sama. Muka kama ta muka hau bene cikin sanyin nan, ba ta ce mini uffan ba, ta jawo mayafi ta rufe fuska tana jan carbi, shirun nan ya fi mini faɗa ciwo. Ba na zagin mutanen, garinsu ne kuma sana'arsu ce, baƙi daga ko'ina suke zuwa musu, laifin rashin tambaya ne. Kafin ka ba da ko fam ɗaya ka ce akwai rawar mata? Akwai giya? Akwai jiragen iyali da ba su yi, kuma cikin azumi da yawa suna komawa shan ruwa ne kawai. In ba ka jin Larabci ka sa ɗalibanmu na Azhar su kira maka, suna da yawa kuma ba su ƙyashin taimako.

Sallah ma haka. In ka dace da lokacin da nake faɗa, magariba a kan ruwa za ta same ka, to ka yi alwala tun daga masauki don banɗakin jirgi matsattse ne ga layi, ka sa ɗan dardumarka a jaka, ka tambayi ma'aikata inda za ka tsaya da inda alƙibla take. Su ma yawancinsu masu sallah ne, za su nuna maka.

Wajen zama kuma kar ka bari a tura ka tsakiyar zaure kusa da lasifika, nan ba ka ganin komi sai bayan mutane. Tun wajen biya ka ce tebur na bakin taga kake so ko na sama a fili. Ka riƙe wannan, Nilu daga kudu yake gangarowa arewa, rana kuma ɓangaren Giza take faɗuwa, wato yamma, in jirgi ya nufi arewa tana hagunka in ya juyo tana damanka. Sannan ka ɗauki rigar sanyi. Mun saba da hunturu da buji muna ganin ba sanyin da zai ba mu tsoro, amma sanyin kan ruwa mai laima ne yana shiga ƙashi, daga Disamba zuwa Fabrairu tsoho ba zai iya zama sama ba bargo ba. Daga Maris zuwa Mayu kuma suna da iskar ƙura da suke kira khamsin, ranar da ta taso sama ja take yi kamar hazonmu, rana ta ɓace tun la'asar, in ka tashi ka ga haka ka ɗaga tafiyar zuwa wata rana.

Kuɗi. Wanda aka faɗa maka da farko kusan kullum na abinci ne da kujera, abin sha daban ne har ruwan buteli, kuma gidajen abinci a Masar sun saba ɗora kashi 12 na hidima da kashi 14 na haraji bisa faktir, ga ɗan bakshish da ma'aikaci ke sa rai. Ka tambaya me da me ke ciki, a rubuta maka a WhatsApp ko a takarda. In a bakin titin Kurnish ne wani ya tare ka yana cewa ɗari biyu ko ɗari biyar, ka ce ɗari biyar ɗin me, fam ɗin Masar ko dalar Amurka, na mutum ɗaya ko na jirgi duka, na awa nawa, kamar yadda ba ka hawa kabu-kabu daga kasuwar Dole ba ku yanke ba. Kuma kar ka tsaya lissafin sefa a kai kana cikin ciniki, ka yi lissafinka tun a ɗaki ka san jika nawa ka ware. Haka nan cunkoson mota, garin nan mutum sama da miliyan 20 ne, da yamma tafiyar minti ashirin sai ta ci awa ɗaya da rabi musamman daren Alhamis, jirgi kuwa ba ya jiran kowa. Ka san sunan mashigar tun da wuri, Ma'adi ce ko Giza ko Garden Siti, don suna da nisa da juna, in ta kama ka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa ya fi taksi sauri nesa ba kusa ba.

Abinci ba zan daɗe a kai ba, na ɗiba da kanka ne, shinkafa, kaza, kifi, salak, kayan zaƙi. Kuskuren kawai shi ne a cika faranti a duƙufa daidai lokacin da rana ke sauka, minti goma sha biyar ne fa duka-duka, abinci yana nan bai gudu ba. In ka ga malohiya ka ɗiba, irin tamu ce sai dai tafarnuwa ta fi yawa, karkade kuma bisap ɗinmu ne sak.

Kwana biyu kafin mu taso na ce ba zan maido Inna gida da wancan daren a ranta ba. Ɗan yayata ya kai mu bakin ruwa wajen Garden Siti ƙarfe 4 na yamma, muka yi ciniki da wani dattijo mai faluka, kwale-kwale ne mai filafilan zane, ba inji ba kiɗa, awa ɗaya da rabi mu kaɗai. Muka sayi kushari, abincinsu na shinkafa da taliya, a roba da shayi a falas muka shiga da shi, kuɗin duka bai kai na mutum ɗaya a wancan jirgin ba. Iska ta ja mu a hankali, ba ka jin komi sai ruwa na bugun katako da hon ɗin motoci can nesa bisa gada. Da rana ta sauko bayan gidajen Giza ruwan ya koma kamar an zuba manja, Inna ta cire baƙin gilashin da likita ya ba ta, ta miƙa hannu ta taɓa ruwan ta shafa a fuska, ta ce yanzu duk wannan wucewa yake yi dare da rana ba mai tare shi da bido? Dattijon ya tambayi yaron me ta ce, da aka fassara mishi ya yi dariya ya ce tun kafin Annabi Musa yake wucewa Hajiya. Sai kiran sallah ya tashi daga gabas da yamma a lokaci ɗaya, masallatai ba iyaka, ta ce a juya mu koma bakin ruwa kar lokaci ya fita.