Kujera kaɗai ta ishe ku motsa jiki

Iyayena, ga dabarar da ba ta cin kuɗi: ku riƙa tashi daga kujera ba tare da dafa komai ba.

Ku jingina kujerar da bango.
Ku rungume hannu a ƙirji, ku miƙe, sannan ku koma zaune a hankali.
Sau 5 ya isa a farko.

Saukowar nan a hankali ita ce maganin, don Allah kada ku faɗa kan kujerar. Tsokar cinya ke riƙe nauyin, kuma tana raguwa da shekaru. In ta yi ƙarfi, hawa matakala zai yi sauƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ma tana son a ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako.

Amma in gwiwa ta kumbura ko jiri na ɗibar ku, ku dakata sai kun ga likita. Kujera mai taya kuwa ba ta wannan aikin ba ce.