Darasi na Bakwai: Gane Samfuri da Shekarun Tsohon Keken Tsere

Keken tsere shi ne mai siririyar taya da giya da yawa, wanda kansa ya lanƙwasa ƙasa kamar ƙahon rago. Tsofaffinsa na ƙarfe, waɗanda aka ƙera tsakanin 1960 da 1990, suna shigowa kasuwanninmu cikin kayan gwanjo daga Turai. Mai sayarwa yakan ce "ɗan Ingila ne" ko "ɗan Faransa ne", iyakar saninsa ke nan. Kai kuwa kana bukatar fiye da haka, don kada ka biya kuɗin doki a kan jaki, kuma don kada ka ɗaura wa keken kayan da ba nasa ba ka lalata shi.

Ka riƙe wannan tun daga farko: shaida ɗaya ba ta yanke hukunci. Sai alamu uku ko huɗu sun haɗu a kan magana ɗaya.

Kayan aiki

Tsumma, kalanzir kaɗan, tsohon buroshin haƙori, tocila, maganaɗisu, tef na awo mai milimita, biro da takarda. Ka kifa keken, sirdi da kai a ƙasa, ka wanke maiƙon da ya daskare. Kada ka sa samfefa ko wuƙa. Lambobin da kake nema ba su da zurfi, kankarewa ɗaya tana iya shafe su.

Tambarin gaba

Fara da tambarin da ke goshin firam, ƙasan kan keke. Raleigh na garin Nottingham a Ingila yana da kan zalɓe. Wannan tambari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, domin kamfanin ya yi masana'anta a Kano, kuma baƙin keken nan mai birkin sanda da ake kira Rali nasa ne. Peugeot na Faransa yana da zaki. Bianchi na Italiya yana da mikiya, kuma an san shi da wani fenti tsakanin shuɗi da kore.

In tambarin ya faɗi, duba ramukan ƙusoshinsa. Ramuka biyu ko uku suna nuna cewa tambarin ƙarfe ne aka kafa. In babu rami, mannawa aka yi, kuma wannan ya fi yawa a kekunan baya-baya.

Sitika kuwa ba abar dogaro ba ce. Kowa yana iya sayen ta ya manna. Ko ta asali ma tana ruɗarwa. Rubutun "Record du Monde" yana jikin kekunan Peugeot masu tsada da masu araha duka, saboda haka ba sunan samfuri ba ne.

Lambar firam

Ana buga ta a ƙarƙashin gidan kiranki, wato inda feda biyu suke juyawa, ko a bayan bututun da sandar sirdi ke shiga, ko a bakin da tayar baya ke zama. Haska tocila daga gefe, ba daga sama ba, inuwa za ta fito da rubutun. Kwafe shi harafi-harafi.

A Raleigh na bayan 1974 lambar takan fara da haruffa biyu. Na farko masana'anta ne: N na nufin Nottingham. Na biyu yana nuna lokaci a cikin shekarar. Adadin farko da ya biyo baya shi ne ƙarshen shekara. Ga matsalar: in ka ga 7, ba ka san ko 1977 ba ce ko 1987. Sauran kayan keken ne za su raba gardama. Lambobin Peugeot na da ba su bin tsari ɗaya, kada ka ɓata lokaci a kansu.

Kwanan wata a jikin kaya

Nan ne aikin yake, kuma nan ya kamata ka daɗe. Kamfanin keke firam yake ƙerawa, ya sayo giya da birki da hob, wato cibiyar taya, daga wasu. Waɗannan kuwa sukan buga lokacin ƙira a jikin kayansu.

Shimano na Japan yana buga ƙananan haruffa biyu a bayan giyar baya, a cikin hannun kiranki, ko a bayan birki. Harafin farko shekara ne, kuma A ita ce 1976. Ƙirga daga nan: B 1977, C 1978, har zuwa Z 2001. Harafi na biyu wata ne, daga A Janairu zuwa L Disamba. Misali, in ka ga HC, ƙirga da yatsa: H harafi na takwas ne, wato 1983, C kuma wata na uku, Maris. A lura, jerin haruffan Turanci ake bi, ba na Hausa ba. Babu ɓ, ɗ ko ƙ a cikinsa, akwai kuma P, Q, V da X. Mai ƙirga da jerin Hausa zai kuskure shekara.

Campagnolo na Italiya ya fi sauƙi. A saman giyar baya ta samfurin Nuovo Record akwai kalmar "Patent" ko "Pat." da adadi biyu. "Pat. 74" na nufin 1974. A bayan kirankinsa kuma akwai adadi ɗaya: in yana cikin zane mai kusurwa huɗu tsaye a kan tsininsa, shekarun 1970 ne, in yana cikin da'ira, shekarun 1980.

Hob ɗin Sturmey-Archer, mai giya uku a ciki, yana ɗauke da shekara da wata a fili. "72 6" na nufin Yunin 1972. Ba a cika samunsa a keken tsere ba, amma yana jikin tsofaffin kekunan Ingila da yawa.

Rubutun ƙasa ma shaida ne. Abin da aka rubuta wa "West Germany" an yi shi kafin haɗewar Jamus a 1990.

Yanzu ka jera abin da ka samu. In giya ta ce 1983, birki ya ce 1983, kiranki ya ce ƙarshen 1982, to keken na 1983 ne ko 1984, domin kaya sukan yi watanni a ajiye kafin a haɗa su. In abu ɗaya ya fita daban da shekara goma, canza shi aka yi. Taya, sarƙa, sirdi da feda ba sa cikin masu shaida ko kaɗan, don su ne ake fara canzawa.

Awo

Cire tayar baya ka auna tsakanin bakunan firam biyu daga ciki. Milimita 120 na masu giya biyar ne a baya, yawanci kafin ƙarshen shekarun 1970. Milimita 126 na masu shida ko bakwai ne, shekarun 1980. Milimita 130 na masu takwas zuwa sama ne, daga wajen 1990. Wani lokaci bakanike yakan buɗa firam da ƙarfi don ya cusa sabuwar taya, sai awon ya fito tsaka-tsaki.

Karanta gefen taya. Lamba 630 ita ce 27 x 1¼. Lamba 622 ita ce 700C. Lamba 635 ita ce 28 x 1½ ta baƙin keke. Bambancin 630 da 622 milimita takwas ne kacal, amma tayar wannan ba ta zama a rim ɗin wancan. Mutane da yawa sun fasa tib suna ƙoƙarin tilasta ta.

Siffar kaya

Kiranki mai fegin ƙarfe da aka buga ta gefe aka ɗaure da noti tsohon yayi ne. A keken tsere mai araha ya kai shekarun 1970. Wayoyin birki da suka fito daga saman hannu suka yi baka a iska na kafin tsakiyar shekarun 1980 ne, daga baya aka ɓoye su ƙarƙashin naɗin kai. Hannun giya da ke jikin firam, in yana tafiya sumul babu ƙara, tsoho ne. Mai yin ƙas-ƙas a kowace giya Shimano ya fito da shi a 1984. Haɗa giya da birki a hannu ɗaya kuwa sai 1990.

Babba ne ko ƙarami a gidansu?

Kamfani ɗaya yakan fitar da samfura da yawa a shekara ɗaya, fenti kusan iri ɗaya. Ɗauki Peugeot biyu na shekarun 1970, PX-10 da UO-8. Daga nesa kamar Hassan da Husaini. Daga kusa PX-10 an yi shi da bututun Reynolds 531, kirankinsa da rim ɗinsa na alminiyam ne, nauyinsa wajen kilo 10. UO-8 kuwa bututun ƙarfe ne na gama-gari, kiranki mai fegi, rim na ƙarfe, nauyi wajen kilo 13. Kai maganaɗisu jikin rim: in ya kama, ƙarfe ne.

Nemi ƙaramar sitikar bututu a ƙasan sirdi. Reynolds 531 na Ingila ne, an fara shi a 1935. Columbus na Italiya yana da hoton kurciya. Akwai Vitus na Faransa, da Tange da Ishiwata na Japan. In sitikar ta goge, zaro sandar sirdi ka karanta lambar jikinta, wato kaurinta a milimita. 27.2 alama ce ta bututu mai kyau, domin bangonsa siriri ne. 25.4 ko kusa da haka na mai kaurin bango ne, mai nauyi. Kekunan Faransa masu kyau sukan nuna 26.4 ko 26.6, saboda awon bututunsu daban ne.

Duba kuma bakin da tayar baya ke zama. Mai kauri, mai suna a jiki kamar Campagnolo ko Simplex, wanda giya ta ɗauru a kunnensa kai tsaye, na babban keke ne. Falle-fallen da aka yanko daga farantin ƙarfe na ƙarami ne.

Tun da keken yana hannunka, shafa ƙarƙashin bututun da ke bayan goshin firam. In ka ji ƙullutu ko fenti ya tattare, ya taɓa yin karo ta gaba. Kowane irin suna ne da shi, farashinsa ya faɗi.

Abin da ke lalacewa in an yi kuskure

Zaren gidan kiranki, wanda makanikai ke kira tiredi, ba iri ɗaya ba ne. Na Ingila faɗin gidan milimita 68 ne, kuma kofin dama, ɗaya daga murafe biyu masu zare da ake ɗaurawa a bakunan gidan, yana kwancewa ne ta hannun da agogo ke bi. Na Italiya milimita 70 ne, kofunan biyu suna kwancewa yadda aka saba. Na tsohuwar Faransa 68 ne kamar na Ingila, amma zaren daban, kofin dama kuma yadda aka saba yake kwancewa. Raleigh masu araha na Nottingham suna da zaren kansu, 26 a inci ɗaya maimakon 24. Kofin da ba nasa ba yakan shiga zagaye biyu ya cije. In aka ci gaba da sifana, zaren firam ya tafi ke nan. Haka wuyan kan keke: na Faransa milimita 22 ne, na sauran 22.2, guduma ba ta gyara wannan.

Aikin yi

1. An ga haruffan KE a bayan giyar Shimano. Wace shekara ce, wane wata?
2. Lambar wani Raleigh ta nuna 8 bayan haruffa biyu. Faɗin bayansa milimita 120, kirankinsa mai fegi. 1978 ne ko 1988? Faɗi dalilinka.
3. Je wurin mai gyaran keke na unguwarku, ka nemi izini ka auna faɗin bayan keke biyu, ka kwafo lambar da ke gefen tayoyinsu, ka kawo aji.