Yadda Ake Taimaka wa Tsohon Kare Idan Kashi Ya Yi Masa Tauri

Da zarar kare ya haura shekara 7 ko 8, hanjinsa yakan rage kuzari, ga ciwon gaɓoɓi da ke hana shi tsugunawa sosai. A Bauchi abin ya fi tsanani a zafin Maris da Afrilu, musamman ga karen gadi mai wuni a ɗaure.

Fara da gano ainihin abin da ke damunsa. Lafiyayyen kare yakan yi kashi sau ɗaya ko biyu a rana. Mai maƙarƙashiya kuwa zai tsuguna yana nishi, ya tashi, ya zagaya, ya sake tsugunawa, sai ɗan busasshen dunƙule ya faɗo. In ka ga kashin fari ne yana marmashewa kamar alli, ƙashi ya yi masa yawa. Amma ka tsaya ka ga ko fitsari na fita, domin wanda fitsari ya riƙe shi ma haka yake yunƙuri, kuma wannan ba ya jiran gobe. Ɗaga wutsiyar ka duba: wani lokaci gashi ne ya cuɗe da kashi ya toshe hanya. Jiƙa shi da ruwan ɗumi, ka rage da almakashi a hankali.

Sai ruwa, wanda shi ne rabin maganin. Kare na buƙatar kusan mililita 60 a kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 15 yana bukatar kusan ledar fiya wata biyu, da zafi ma fiye da haka. Taɓa dasashinsa da yatsa. In ya bushe yana danƙo, ruwa ya yi ƙaranci a jikinsa. Ajiye kwano biyu a inuwa, a riƙa sauyawa safe da yamma. In ba ya son sha, zuba romon nama marar gishiri kuma marar albasa, a kuma jiƙa masa tuwon ya yi ruwa-ruwa.

A dafa kabewa zalla, ba mai ba yaji, a dame ta. Ƙaramin kare cokalin cin abinci ɗaya a kowane ci, babba biyu zuwa uku. Kada a zarce, sai ta koma zawo. Kabewa ba tare da isasshen ruwan sha ba kuwa ƙara cushe cikin take yi.

A daina ba shi ƙashi gaba ɗaya, ko na mahauta ko ragowar na kaza da balangu. Haƙoran tsoho ba sa niƙa shi, sai ya taru a hanji ya daskare kamar siminti. Ragowar miyar gida ma a kiyaye, albasa da tafarnuwa suna lalata jinin kare. A kwance shi ya taka na minti 10 zuwa 15 da sassafe da kuma bayan la'asar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗura masa man ja ko man gyaɗa da ƙarfi. In ya shaƙe, man ya gangara huhu, an sayo ciwon da ya fi na farko. Kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac, suna jawo gyambon ciki, suna kashe ƙoda. In ka ga leda ko zare na leƙowa ta dubura, kada ka ja, yana iya yanka hanji.

In an kwana biyu ba kashi, ko ga amai, jini, ƙin abinci, ko kumburi a gefen dubura, a kai shi asibitin dabbobi. Ciki ya kumbura kamar ganga yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, a tafi nan take ko da dare ne. Namijin da ba a dandaƙe ba, a ce wa likita ya duba ƙullutun da ke wuyan mafitsara, domin da tsufa yakan girma ya danne hanyar kashi.