Yadda ake kashe ƙwayoyin bairas a jikin kayan gida da ruwan bilic

Ƙwayar bairas ba ta hayayyafa a jikin ƙofa ko tebur, sai ta shiga jikin mai rai. A waje zaman jira kawai take yi. Mara lafiya ya yi tari a tafin hannu, ko ya fito daga bayi bai wanke hannu da sabulu ba, ya kama hannun buta. Wani ya zo ya ɗauki butar, daga baya ya murza ido ko ya sa hannu a kwanon tuwo. To ta samu hanya ke nan.

Tsawon jiran ya danganta da irin ƙwayar da inda ta sauka. Ta mura kan yi kwana 1 zuwa 2 a jikin ƙarfe ko roba. Wani gwaji na 2020 ya samu ƙwayar korona da ranta bayan awa 72 a kan roba, awa 24 a kan kwali, ko da yake ita ta fi bin iska. Ta ciwon hanta nau'in B tana kai aƙalla kwana 7 cikin busasshen jini, shi ya sa aska da injin aski ba abin wasa ba ne. Masu taurin kai su ne na amai da gudawa, irin su noro da rota. Na mura da korona suna da rigar maiƙo wadda sabulu ke fasawa, su kuwa waɗannan ba su da ita, don haka suna iya yin kwanaki har makonni a kan tayil, kuma sanitaiza ba ta cika cin su ba. Maganin ƙamshin nan da ke mayar da ruwa fari kamar madara ma kada a dogara da shi a kansu. Bilic shi ne abin yi, ga shi kuma ya fi araha.

A fara da duba jikin robar. Galibin bilic na shagunan Najeriya, irin su Jik da Hypo, ƙarfinsa kashi 3.5 cikin ɗari ne. A Nijar, inda ake ce masa Javel, wanda aka rubuta wa 12° ya yi kusa da haka. Wanda ake haɗawa a gida a ɗura a tsofaffin robobi ba tare da rubutu ba, a bar shi wa wankin fararen kaya, don ba a san ƙarfinsa ba, balle a auna shi.

Haɗi biyu ake buƙata. Na yau da kullum, mai ƙarfin kashi 0.1, cokalin cin abinci 2 na bilic ne, wato mililita 30, a cikin ruwa lita 1, ledar fiya wata biyu ke nan. In bokiti mai lita 10 ne, mililita 300. Mai ƙarfi, kashi 0.5, na amai da kashi da jini: kofi 1 na bilic, kofi 6 na ruwa, da kofi guda za a auna duka. Ruwan ya kasance mai sanyi kuma garau, cikin bokitin roba mai murfi. Ruwan zafi yana lalata kulorin, wato sinadarin da ke kashe ƙwayar a cikin bilic, bokitin ƙarfe kuma bilic na cin sa. A ajiye a inuwa, a kuma zubar da abin da ya kwana, domin bayan awa 24 ƙarfinsa ya ragu ko da warin na nan. Masu zuba shi tsagwaronsa da tunanin ya fi aiki asarar kuɗi suke yi, ga ƙonewar hannu da shaƙewa.

Sai wankewa, kuma nan ne akasarin mutane ke yin tuntuɓe. Kulorin ba ya bambanta ƙwayar cuta da maiƙon miya. Duk dattin da ya tarar, majina ce ko ƙura ko busasshen kunu, a kansa zai ƙarar da ƙarfinsa, ƙwayar kuma tana kwance a ƙarƙashi lafiya lau. Saboda haka a fara goge wurin da ruwan sabulu ko garin wanki, a ɗauraye, sannan a kawo ruwan bilic. Kada a haɗa aikin biyu a bokiti ɗaya don gudun wahala.

Tuntuɓe na biyu gaggawa ce. Za ka ga an shafa ruwan bilic a tebur, nan take an bi da busasshen tsumma don kada ya bar tabo. Wannan shafa ce kawai, ba a kashe komai ba. Dole wurin ya zauna a jiƙe, yana ƙyalli, aƙalla minti 1 da haɗin yau da kullum, in kuma ana gudawa a gidan a kai minti 5. Lokacin hunturu ko zafin bazara tayil kan bushe kafin lokacin ya cika, to sai a sake jiƙawa. Tsumman ma kada a matse shi ƙarƙaf. A riƙa gogewa ta fuska ɗaya, daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsabta zuwa mai datti, masai a ƙarshe. Kai da kawo da tsumma ɗaya rarraba ƙwayar yake yi.

Ƙasan ɗaki ake ba muhimmanci, alhali ba nan hannu ke taɓawa ba. Hannun ƙofa da sakata, makunnin wuta, kan famfo, hannun buta, moɗar randa, murfin firji, fo ɗin yara, su ne wuraren. In akwai mara lafiya, sau biyu a rana. Waya da rimot ba a sa musu bilic, sai auduga da sifirit mai kashi 70, a kashe wayar tukuna. Duk abin da abinci ko bakin yaro zai taɓa a ɗauraye shi da ruwa mai tsabta bayan lokacin ya cika.

In amai ne ko jini, a sa safar hannu ta roba da takunkumi, a buɗe taga. A rufe wurin da tsumma ko takarda ta tsotse, in daɓen ƙasa ne a barbaɗa yashi, a kwashe cikin leda a ƙulle. A wanke da sabulu, a zuba haɗi mai ƙarfi har ya wuce iyakar inda abin ya zuba, don amai yana fantsama nesa da inda ido ke gani. A bar shi minti 10. Zanin gado a wanke da sabulu, a jiƙa minti 30 cikin ruwan bilic, cokali 1 a kowace lita, a shanya a rana. In dai ana zargin zazzaɓin Lassa ne, musamman daga Disamba zuwa Afrilu da ya fi tashi a jihohi irin su Bauchi da Taraba, a kai mara lafiya asibiti, a bar wa ma'aikatan lafiya aikin kwashe jini da amansa.

Kashin ɓera a sito ko kicin kada a share shi a bushe, tsintsiya tana tayar da ƙurar a shaƙa. A yayyafa masa haɗi mai ƙarfi ya jiƙu minti 10, sannan a kwashe.

Ba a haɗa bilic da ruwan wanke masai mai asid, ko ruwan tsami irin na khal, domin yana fitar da iskar kulorin mai ƙona huhu. Fo mai fitsari a zubar a ɗauraye kafin a sa masa. Bayan an gama a wanke safar tun tana hannu, a cire, a jiƙa tsummokaran a shanya, sannan a wanke hannu da sabulu na tsawon daƙiƙa 20.